Waya a Hannu, Ido a Rufe

A farkon shekarar 2010 agwagi suka fara ɓacewa a wasu ƙauyukan ƙasar Anka da Bukkuyum. Babu wanda ya tsaya ya tambayi dalili. Sai bayan da jami'an hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, suka zo bincike a watan Mayu, sannan mutane suka tuna cewa lallai kwanakin baya agwagi sun ragu. A lokacin kuwa aikin gama ya gama. Tun a watan Maris likitocin ƙungiyar MSF sun tarar da yara suna jijjiga suna suma suna mutuwa, ba kuma sanƙarau ba ne, ba zazzaɓin cizon sauro ba. A Dareta da 'Yargalma, cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar, ɗaya ya rasu a shekara guda. Gubar dalma ce, daga dutsen zinariya da ake niƙawa ana shanyawa a tsakar gida, inda jarirai suke rarrafe. Kafin a shawo kan abin a can da Abare da Tungar Daji da Tungar Guru da Sunke da Duza da Bagega, an binne yara fiye da 400. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu ladan haƙuri.

Ba don in fama wa kowa ciwo na kawo wannan ba. Ajali ba ya wuce ranarsa, amma Allah ya yi wa kowane abu sababi, ya kuma ba mu ido da hankali. Agwagwa a laka take kiwo, a kwatami da kududdufi take tsoma baki, don haka duk abin da ya gurɓata ƙasa da ruwan gari ita zai fara kayarwa. Masu haƙar kwal a Ingila sun daɗe da sanin haka. Har zuwa 1986 da kanari a keji suke shiga rami, in ya fara layi su san iska mai guba ta taru, su fito da gudu. Mu ma masu haƙa ne. Tsuntsu ya faɗi a gabanmu, muka tsallake shi muka wuce.

A wancan lokacin ana iya yi mana uzuri. Wayar da ke hannun yawancin mutane 'yar ƙarama ce mai tocila, ba ta ɗaukar komai. Yau fa? Da ku nake, samari da 'yan matan Anka da Gummi da Bukkuyum. Da ku nake, malaman firamare da sakandare, ma'aikatan asibiti, malaman gona, da ku da kuka je Gusau da Sakkwato kuka karanta ilimin halittu kuka dawo da takarda. Kowannenku yana yawo da kyamara a aljihu, irin wadda Turawan farko da suka rubuta littattafan tsuntsayen Afirka ta Yamma ko a mafarki ba su gani ba.

Buɗe wayar mu gani. Hoton kai kala-kala, da sabuwar shadda ranar Sallah, da kwanon abinci, da ɗan siyasa yana ɗaga hannu. Mafi muni, hoton gawa. In 'yan bindiga suka shiga gari, kafin a yi wa mamaci sutura hotonsa ya zagaye WhatsApp, wata rana ma uwarsa a wayar maƙwabta za ta fara gani. Wannan mun iya shi, hannunmu ba ya ko rawa. Amma cikin hotuna dubu babu shamuwa ko ɗaya, alhali a kan tsamiyar ƙofar gidanku take sheƙa duk shekara tun kafin a haife ku.

Da a nan kuka tsaya da sauƙi. In aka samu yaro guda da Allah ya buɗe wa ido, ya tsaya ƙarƙashin dogon yaro yana saita waya ga tsirya ko cilakowa, sai majalisa ta ɗauke shi da dariya. "Wanga ba shi da aikin yi." "Mi za ka yi da hoton tsuntsu, ci za ka yi?" Wani ma ya ce aljanu sun taɓa shi. Haka za a yi ta yi masa har kunya ta kama shi ya daina, ya dawo benci ya shiga sahun masu gardamar Arsenal da Chelsea. Wannan ba raha ba ce, kashe zuciya ne. Mutumin da ya share awa uku yana musu a kan ƙwallon da aka buga a Landan ba shi da bakin cewa mai kallon tsuntsun garinsu ba shi da aikin yi.

Ku tambayi duk wanda ya haura shekara arba'in yadda mahauta take a da. Ranar kasuwa ungulaye ne jere a kan katanga da rumfa da reshen kuka, suna jiran a zubar da tumbi, sai an kore su da sanda. Je ka mahautar Gummi ko ta Anka ko ta Nasarawar Burkullu yau ka ƙirga, ka dawo ka gaya mana abin da ka samu. A garuruwa da yawa na Arewa yaro ɗan shekara goma bai san ungulu ba sai a karin magana. A shekarar 2015 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta saka wannan ungulun gari da muka raina a jerin tsuntsayen da suke daf da ƙarewa. Ba fari ne ya kashe ta ba, ba annoba ba. Mu ne. Ana barbaɗa guba a nama, a kwashe su a buhu, a sayar da kai da ƙafa da ƙwai ga bokaye da 'yan tsibbu, wai don sa'a, don farin jini, don cin zaɓe, don maganin hauka. Fataken wannan haja da yawansu 'yan uwanmu ne Hausawa, su suke kai ta kasuwannin Kudu, da ta yi wuya a gida kuma suka tsallaka Nijar da Chadi da Kamaru nema. A 2014 wata farar ungulu da masana suka ɗaura wa na'urar bin sawu a ƙasar Girka, suka sa mata suna Paschalis, ta ratso Sahara lafiya ta iso kudancin Nijar, wani mafarauci daga Najeriya ya kashe ta don kasuwar tsibbu. A Gini Bisau a 2020 an kashe fiye da 2,000 da guba, aka tarar da wasu babu kawuna.

An ce ungulu ba ta jewar banza. To, ɓatanta ma ba na banza ba ne, mutanen Indiya sun biya kuɗin wannan karatu da rayuka. Daga shekarun 1990 aka shiga yi wa shanu allurar wani maganin ciwon jiki mai suna diclofenac. Duk ungulun da ta ci mushen saniyar da aka yi wa allurar, ƙodarta takan lalace ta mutu. Kafin gwamnati ta haramta ba dabbobi maganin a 2006, fiye da kashi 95 cikin 100 na ungulayen ƙasar sun tafi. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan da ba su da mai su suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru, ruwa ya gurɓace. A 2024 wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, suka ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutum kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Mu da muke jefar da mushen jaki a bayan gari, muke shan ruwan gulbi da na rijiyar da ba ta da murfi, mu ne ya kamata mu fi kowa jin wannan labari a jikinmu. Ungulu ce ma'aikaciyar tsaftar da ba ta karɓar albashi, muka sayar da kanta a kan kuɗin cefanen kwana biyu.

Gauraka ma haka. Shi ake kira tsuntsun ƙasa a Najeriya, amma kamu don adon gidajen manya da bushewar fadamu sun sa yau da ƙyar ake ganinsa a dajin ƙasar nan. Burtu kuwa, wanda mafarautanmu suke ɗaura kansa a goshi su yi sanɗar nama, ya kusa zama abin da ake gani a rawar mafarauta kawai.

Ga inda laifinmu ya fi fitowa fili. Ungulu nawa ake gani a mahautar Bukkuyum a 1996, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Zamfara? Nawa ne a 2010? Nawa suka rage bana? Babu mai amsa. Wani dattijo zai ce tun zamanin Shagari suka fara raguwa, wani ya ce a'a, sai bayan da haƙar zinariya ta bunƙasa, a yi ta musu har a kira Magariba a watse. Mun zama ɗan kasuwar da ba ya rubuta bashi, jari yana zurarewa, shi kuma yana rantsuwa bai san ta inda ya bi ba. Hoto ɗaya mai kwanan wata da sunan wuri yana kashe wannan musu. Hoto goma na wuri ɗaya a shekara goma kuwa hujja ce da za a iya ɗorawa a kan teburin kwamishina, ko a gaban mai martaba, ko a hannun likita. Wanda yake ɗaukar hoton tsuntsu don sha'awa bai san yana rubuta tarihin lafiyar garinsu ba, amma shi yake yi.

Kuma ba a ce ku ƙirƙiro hanya ba, an riga an share ta. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda ake kira APLORI, da ke dajin Amurum kusa da Jos, ta fara aikin taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo, 9 faɗi. Ɗan sa kai zai zaɓi gida ɗaya, ya yi aƙalla awa biyu yana rubuta duk tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa, ya tura ta manhajar BirdLasser. Ba a neman digiri, ba a biyan ko sisi. Akwai ma ƙungiyar 'yan Arewa masu wannan aiki, Arewa Atlas Team, matasa ne irinku masu jin Hausa. Ƙasar nan tana da tsuntsaye fiye da iri 900. Sai dai masani daga Jos ba zai iya ratayo madubin hangen nesa ya taho Bagega ko Gwashi ko Gyalange ba, kowa ya san dalili. In ɗan gari bai yi ba, babu mai yi. Gidanmu zai zauna fari fat a taswira, duk wanda ya duba ya ɗauka babu komai a ƙasarmu sai zinariya da bindiga.

Na san amsar da ke bakin kowa: ana ta rai, wa yake ta tsuntsu? Wannan magana ce mai nauyi, ba zan yi mata riƙon wasa ba. A watan Janairun 2022 an shiga ƙauyukan Anka da Bukkuyum aka yi kisan da mutanen yankin suka ce ya kai kusan 200, hukuma ta ce 58. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a jihar baki ɗaya. Akwai gonakin da masu su suka shekara ba su taka ba, akwai waɗanda sai sun biya kuɗi suke girbi. Ba na cewa kowa ya shiga daji. Wanda ya ɗauki kyamara ya nufi dajin Gando ko na Sunke saboda tsuntsu ya yi wauta, kuma ni ban aike shi ba. Ko a cikin gari ma, a zamanin da ake zargin kowa da zama infoma, mai ɗaga waya sai ya yi hattara: ya sanar da mai unguwa abin da yake yi, kada ya saita waya wajen shingen jami'an tsaro ko na 'yan sa kai, kada ya ɗauki katangar gidan mutane ko matan aure a bakin ruwa.

Amma ku dubi Allah ku faɗi gaskiya. Rashin tsaro ne ya hana ka kallon kurciyar da ke sauka a tsakar gidanku kullum safe? Shi ya hana ka ganin baiwar Allah, ɗan jan tsuntsun nan da ke tsince tsaki a gindin turmi? Hasbiya tana kan rufin masallaci. Balbela tana bin shanu har cikin gari. Carki yana kan bayan sa a kara ranar kasuwa. Shirwa tana shawagi a kan 'yan tsakinku, hankaka yana kan juji. Da damina mulufi yakan yi ja wur a gonar bayan gida, kabarai su cika bishiya guda da sheƙa da surutu. A Gummi, inda Gulbin Zamfara ya shimfiɗa fadama ake shinkafa da albasa, mai lambu yana tare da zalɓe da kirinjijiya da zakaran ƙeƙuwa tun daga asuba. Daga watan Oktoba zuwa Maris kuma baƙi suke sauka, ƙananan tsuntsayen da suka taso daga Turai suka ratsa hamada, wasunsu nauyinsu bai kai na ƙwan kaza ba. Mutane suna biyan kuɗin jirgi su je dausayin Haɗeja da Nguru don ganin irin waɗannan. Mu suna sauka a ƙofarmu, muna harbinsu da danƙo. Tsoro ya hana mu daji, wannan gaskiya ne. Abin da ya hana mu tsakar gida kuwa rashin kula ne, kada mu lulluɓe shi da rigar 'yan bindiga.

Rashin tsaron ma shi ya sa abin ya zama na gaggawa. Cikin waɗanda aka koro daga ƙauyuka suke zaune a Anka da Gummi akwai tsofaffin mafarauta, akwai masunta, akwai makiyaya, akwai tsofaffin mata da suka yi shekara hamsin suna itace. A kansu sunayen tsuntsaye suke, da kukan kowane, da lokacin ƙwansa, da abin da zuwansa yake nufi ga manomi. Dajin da suka koya a ciki ya fi ƙarfinsu yanzu, jikokinsu kuma a gari suke tasowa. In waɗannan suka kwanta dama, ilimin ya bi su. Yaro mai waya da zai ɗauki hoto ya kai wa irin wannan dattijo, ya durƙusa ya ce, "Baba, mi ag sunan wanga?" ya naɗi amsar, ya yi wa Hausa aikin da babu farfesan da zai iya yi daga ofis. Ƙari a kan haka, dattijon da aka mayar mai jiran tallafi zai ji an dawo masa da girmansa. Yau ɗan sakandare duk ƙaramin tsuntsu "tsuntsu" yake ce masa, ba ya raba yautai da ragon maza, ba ya raba suda da shaya. Wannan talauci ne da babu wanda ya jawo mana shi.

Sai masu cewa aikin Turawa ne, na waɗanda suka ƙoshi. Turawan ba da shi aka haife su ba, asara ce ta koya musu. A Amurka an yi wata irin kurciyar daji da garkenta yake rufe rana in yana wucewa. Suka yi ta harbi suna lodawa a jirgin ƙasa, har ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati a 1914. Al'adarsu ce a da ranar Kirsimeti a fita gasar wanda zai fi kashe tsuntsu. A 1900 wani masani mai suna Frank Chapman ya ce a maimakon kisa a fita ƙirge. Mutum 27 suka amsa a shekarar farko, kuma har yau ana yi duk shekara. Da irin waɗannan takardu na 'yan sha'awa masana suke gane abin da ke raguwa tun bai ƙare ba.

Ballantana ma lura da tsuntsu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu ba su da hukumar hasashen yanayi, amma in shamuwa ta iso sun san lokacin gyaran gona ya yi, a fito da iri. Shi ya sa ba a taɓa ta, yaron da ya jefe ta sai ya sha faɗa daga kowane babba a unguwa, ba sai ubansa ba. Ita kuma tana biya, don fara da tsutsa take ci a gonaki. In rani ya yi sai ta nufi gabashi da kudancin Afirka, ta dawo baɗi. Wannan kallo ne, kuma ilimi ne. Mu ne muka yar da shi, muka ga Bature ya ɗauka, muka ce nasa ne. Ta fuskar addini ma ba mu da mafaka. Labarin alhudahuda da Annabi Sulaiman yana cikin Suratun Namli, kowane almajiri ya san shi, kuma ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke. Mai cewa shi yana gudun hoto ne saboda addini, ina girmama ra'ayinsa in har wayarsa babu hoton kansa. Ko shi ɗin ma alƙalami da takarda sun ishe shi ya rubuta abin da ya gani.

Akwai kuma wasu da suke ɗaukar hoton tsuntsu, amma gara a ce ba su ɗauka ba. A kama mujiya a rufin aji ko a rumbu, a ɗaure mata ƙafa da igiya, a taru a kanta da ihu wai mayya ce ta rikiɗa, a yi bidiyo a saka a TikTok, sannan a jefe ta har lahira. Mujiyar nan ɓera take ci. Ita take tsare muku rumbu da dare kuna barci, ba da ko sisi ba. Wani ya hau bishiya ya zaro 'yan tsaki daga sheƙa, ya ɗora a tafin hannu ya ɗauka, ya rubuta "Allah mai iko", ya jefar da su a gindin bishiya kyanwa ta kwashe. Ikon Allah ba ya buƙatar ka kashe halittarsa kafin ka nuna shi. Mai wannan ba mai son tsuntsu ba ne, mai neman a danna masa ne, kuma duk wanda ya danna ko ya tura gaba yana da kamasho a zunubin. Ƙa'idar masu wannan sha'awa a duniya guda ce: tsuntsu ya fi hoton daraja. In kusantarka ta sa uwa ta tashi daga kan ƙwai, ka yi kusa da yawa, koma baya. In kuma Allah ya nuna maka sheƙar ungulu, ɗauki hotonka daga nesa, ka tura wa masana, kada ka rubuta wurin a Facebook, domin fatake ma suna karantawa.

Manomi yana da nasa ƙorafin, kuma yana da gaskiya. Jan baki in ya sauka a gonar shinkafa ko gero, wahalar shekara takan tafi a 'yan kwanaki, yara su wuni a gona suna kaɗa gwangwani ba makaranta. Ba wanda zai ce a tausaya wa jan baki. Amma maganin da ake fesawa daga jirgi ba ya tambayar suna, yana kashe wasu tsuntsayen da ba ruwansu, har da shaho da mujiyar da suka ci gawar. Manomin da zai iya ɗaukar hoton garken da matattararsu, ya nuna wa malamin gona ga su, ga inda suke kwana, ga ranar da suka iso, ya taimaka a yi feshi inda ya kamata, ba a watsa guba a fadama baki ɗaya ba. Sanin tsuntsu bai hana yaƙar mai ɓarna ba, yana hana a haɗa da mai amfani ne.

Aikin kansa ba shi da wuya. Samu kasko, zuba ruwa, ajiye a inuwar bishiya kusa da inda tsuntsu zai iya sauka ya duba kafin ya sha, ka riƙa sauya ruwan kullum don kada sauro ya yi ƙwai. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya kai inda ya kai, kaskon nan zai jawo maka abin da ba ka taɓa sanin yana unguwarku ba, ga ladan shayarwa. Zauna tun bayan sallar Asuba zuwa hantsi, ko bayan La'asar, rana tana bayanka ba a gabanka ba. Sa tufafin da ba su da ƙyalli, jingina gwiwar hannu a kan wani abu don kada hoton ya girgiza, kada ka ja hoton da yatsa har ya dagule, ka bari tsuntsun ya matso da kansa. Haƙuri ne jarin, ba tsadar waya ba. Hoto ko bai yi kyau ba, in ana gane baki da launi da tsawon wutsiya, ya yi aiki. Naɗi kukan in ka samu hali. Rubuta rana da wuri da adadi da sunan Hausa. In ba ka gane shi ba, manhajojin Merlin da iNaturalist kyauta ne, suna taimakawa. Kuma ka bar bishiyar a tsaye. Duk wannan magana banza ce in mai gawayi ya riga ka zuwa ga marke da kaɗanya da ɗorawa, ko in an sare tsamiyar ƙofar gida don a kafa shago.

Saura masu iko da abin. Sarakunan fawa na Anka da Gummi da Bukkuyum sun san duk baƙon da ke zagaya mahauta da ƙullin guba, kuma kalma ɗaya daga bakinsu ta isa ta hana. Dokar kare namun daji ta Arewa tana nan tun 1963, ta tarayya tun 1985, amma ba doka ce ta tsare shamuwa shekaru aru-aru ba, faɗan manya ne. Limamai sun yi huɗuba a kan komai, su yi guda a kan wannan. Ku kuma shugabannin makarantu, ba kuɗi nake roƙonku ba. Shamuwa za ta iso kafin ruwan farko. Ku ba malami ɗaya littafi mai bango mai ƙarfi, ya kwashi 'yan aji su zagaya cikin gari, su ƙirga sheƙa nawa, a kan wace bishiya, a wace unguwa, su ɗauki hoto, su sa kwanan wata, a ajiye littafin a ofis. Baɗi a sake, baɗin baɗaɗa a sake. Wanda ya ga ba zai iya ko wannan ba, to aƙalla in ya ga yaro ya tsaya ƙarƙashin bishiya da waya a hannu, ya kama bakinsa ya wuce.